Kantin da ya ƙi sayar da kifi sai an kawo masa ruwa ya auna

'Yan uwa na Damagaram, ina gaisuwa daga Liyon ta ƙasar Faransa. Wani abu na gani a kantin kifin ado, har yau bai bar raina ba. Mutum ya shigo da kuɗinsa a hannu, ya nuna kifi 8 masu ruwan ɗorawa. Mai kanti ya tambaye shi lita nawa akwatin gilashinsa ke ci, yaushe kuma ya zuba ruwa. Ya ce lita 60, shekaranjiya. Sai mai kanti ya mayar da 'yar ragarsa ya rataye, ya ce ya dawo bayan mako 4 da ruwan a kwalba a auna. Kowane kifi Yuro 10 ne, wajen jika 6 da rabi. Cinikin fiye da jika 50 ya bari ya fita ƙofa!

A gida wa zai yi haka? A ƙulla maka a leda, a ce Allah ya raya, kwana 5 ka iske su sun kife ciki sama, ka ce ba ka da hannun kiwo.

Ruwan ne bai nuna ba. Kashin kifi yana zama amoniya, ita kuma ta koma nitirit, dukansu guba ne. Ƙwayoyin bakteriya da ke zama cikin soson matata, wato na'urar tace ruwan akwatin, su ke cinye su, kuma sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Don haka a kunna matata babu kifi, a riƙa jefa ɗan abinci kaɗan, sai ma'auni ya nuna nitirit sifili. A nan kwalaben awon suna jere kamar maganin ciwon kai a kasuwar Dole. Abin yana burge ni, yana kuma ba ni haushi, don kifin namu ne na Afirka, dangin karfasar da muke soyawa.

Masu ruwan ɗorawan nan, Labidochromis caeruleus, 'yan tafkin Malawi ne, cikin waɗanda ake kira mbuna. Suna kai santimita 10, kuma namiji ba ya son ganin ɗan uwansa kusa da kogonsa. Kada a sa su a abin da bai kai lita 200 da tsawon mita 1 ba. Namiji 1, mata 3 ko 4, in ba haka ba zai kori mace ɗaya har ta mutu. A jera duwatsu da ramuka masu yawa, a ɗora su kan gindin akwatin kafin a zuba yashi, don suna tono, dutse ya zame ya fasa gilashi. Su a nan da kilo suke sayen dutse. In na gani sai in tuna duwatsun Birni da ke zube ba mai kula su.

Mai lita 60, abin da ya dace da shi Neolamprologus multifasciatus ne na tafkin Tanganika. Bai wuce santimita 5 ba, cikin katantanwa yake kwana, cikinta yake ƙwai. Kifi 6, yashi mai laushi, katantanwa 2 ko 3 ga kowane ɗaya. Kada a haɗa shi da mbuna, kuma a bar halin nan namu na son a ga kowane launi a wuri guda.

Dukansu ruwa mai pH (awon tsami ko kanwar ruwa) 7.8 zuwa 8.6 suke so, da ɗumi digiri 24 zuwa 27. Turawa na sayen na'urar ɗumama ruwa. Ku zafin Afrilu da Mayu ne abokin gabarku. In ruwa ya haura digiri 30 iskarsa na raguwa, kifi ya taso sama yana haki. A nisanta akwatin daga taga, a sa fanka ta hura saman ruwa, a tanadi injin iska mai batir saboda ɗaukewar wuta.

Sai kyautar da ke kisa: kowa ya shigo ɗaki sai ya barbaɗa abinci. Mbuna cikinsu na kumbura in nama ya yi yawa. A ba su abinci mai sifirulina (wani irin gansakukan ruwa), abin da za su cinye cikin minti 1, mutum ɗaya kuma ya riƙe gwangwanin.

Kowane mako a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Na san tsadar ruwa a garinmu, amma lita 15 ce ga ƙaramin akwati, ko bido guda ba ta cika ba. Na famfo ya kwana a bokiti warin jabel ya fita. Soson matata kuwa a matse shi cikin tsohon ruwan da aka kwashe, kada sabulu ko omo ya taɓa shi.