Bargon faci ko agwagwar katako: da wanne za ki fara?

Hajiya, kin ce kina zaune a jihar Pensilbaniya, kina yawan leƙa kasuwannin kayan da, kuma abu biyu suka shiga ranki: tsofaffin bargunan faci da Amurkawa ke kira kwilt, da agwagin katako da maharba ke ɗorawa kan ruwa don su yaudari tsuntsaye. Kin tambaya wanne ya fi dacewa da mai farawa. Ni bargon zan ce miki, ga dalilina.

Dukansu ba don ado aka fara yin su ba. Shi bargon, mata ne ke haɗa ƙyallaye, su shimfiɗa auduga a tsakiya, su bi da allura saboda sanyi. Agwagwar kuwa kayan aikin maharbi ce, da dalma a ƙasanta don kada ta kife. Da dokar 1918 ta hana farautar tsuntsaye masu ƙaura don sayarwa, da yawansu suka koma rumbu, daga baya masu tarawa suka bi su. Bargon ya samu tasa ɗaukakar a 1971, lokacin da gidan tarihi na Whitney a New York ya rataye barguna a bango kamar zane.

Inda suka rabu shi ne abin da ke sa musu kuɗi. A agwagwa, sunan masassaƙi da fentin asali su ne komai. A 2007 an sayar da guda biyu na Elmer Crowell, masassaƙin Massachusetts, dala miliyan 1.13 kowace. Akwai kuma na 'yan'uwan Ward na garin Crisfield a Maryland, da na masana'antar Mason ta Detroit, wadda ta yi aiki daga 1896 zuwa 1924. Matsalar ita ce maharba kan sake wa agwaginsu fenti idan ya koɗe, kan agwagwar kuma idan ya karye a dasa wani. Agwagwar da aka sake wa fenti darajarta faɗuwa take yi warwas, kuma idon sabon shiga ba ya ganewa. Shi ya sa manyan gidajen gwanjo ke haska su da fitila ta musamman, har hoton ciki suke ɗauka irin na asibiti. Ke da ke tsaye gaban teburin dillali ba ki da wannan.

Bargo kuwa yana faɗa miki gaskiyarsa idan kin iya kallo, kuma duk macen da ta saba zaɓen atamfa ta riga ta sami rabin ilimin. Ki duba ɗinkin: ƙanana ne, a jere suke? Ki taɓa cikin: auduga ce ko ulu, ko kuwa poliyesta, wadda ke nuna ba tsoho ba ne sosai? Shekarun bargo ana ƙirga su daga ƙyalle mafi sabunta a jikinsa, domin mace kan ajiye ƙyalle shekara talatin kafin ta yi amfani da shi. Ɗinkin keke kada ya firgita ki, keken ɗinki ya shiga gidajen Amurka tun ƙarni na 19. Abin da za ki kiyaye shi ne kwaikwayon da aka riƙa ɗinkawa a Sin a shekarun 1990, masu manyan ɗinki barkatai. Farashi ma ya fi sauƙi: bargon da ya yi suna a gwanjon Sotheby's a 1991, wanda wata mata a Brooklyn ta ɗinka a 1867, dala 264,000 aka saye shi. Na shekarun 1930, da aka yi da buhunan yadi masu fure na gari da na abincin kaji, suna nan birjik a kuɗin da ba zai girgiza ki ba.

A wajen adana dai agwagwa ta fi sauƙi, kanta kawai take so, nesa da na'urar ɗumama ɗaki don kada katakon ya tsage. Bargo sai da lallami. Rana tana cinye launinsa, asu na cin na ulu, leda tana tara masa danshi. Ki naɗe shi cikin farin zanen auduga, ki riƙa sauya ninkin, kada ki jefa shi injin wanki. Na siliki na shekarun 1880, duk kyansu, ki bar su tukuna, yadinsu rugurgujewa yake yi kuma ba ya gyaruwa.

Akwai kuma batun ajiye siffar mai rai a ɗaki, wanda da yawanmu ba ma sakewa da shi. Bargunan Amish, wasu Kiristocin karkara masu rayuwar gargajiya, ba su da wannan damuwar: murabba'i ne da layuka cikin launuka masu zurfi, yawanci na ulu. Ga shi kuma gundumar Lancaster, cibiyarsu, tana cikin jiharki. Kafin ki fitar da ko dala ɗaya, ki je can ki ƙare wa na gaske kallo, ki bi gwanjon karkara sau biyu ko uku hannu a aljihu, kina sauraron yadda dillalai ke taya kaya.