Tarakta ta daina caji: batir za ka saya, ko dinamo, ko altaneta?

Da watan Mayu ya kama, hadari ya fara haɗowa daga gabas, sai ka ga masu tarakta a Maradi suna zarya tsakanin gareji da shagon kayan gyara. Kukan ɗaya ne: jiya sai da aka ja ta kafin ta tashi, yau kuma an aro batirin motar maƙwabci. Yawancinsu batir suke fara saya, ba su duba dinamo ko altaneta ba, wato na'urar da ke yi wa batir caji, kuma a nan kuɗi ke salwanta, domin sabon batir a kan taraktar da ba ta caji kwana kaɗan zai yi ya bi sahun tsohon.

Kafin ka sa hannu aljihu, nemi mai gyaran wutar mota ya ɗora mita a kan batir. Injin a kashe, lafiyayyen batir yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. A tada injin a ɗan ba shi wuta: ya kamata lambar ta hau tsakanin 13.8 da 14.5. In ta tsaya inda take, caji ba ya zuwa. In ta haura 15, wuta ta yi yawa, ruwan batir yana tafasa, har ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan laifin regilato ne, wato abin da ke daidaita wutar da ke shiga batir.

Sau da yawa ma ba wani babban abu ba ne. Bel ya saki, ko kan batir ya yi farin gari, ko wayar mas, wato ta ƙafar batir da ke tafiya jikin tarakta, ta yi tsatsa inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfe. Danna bel da babban yatsa. In ya lotsa fiye da santimita ɗaya da rabi, a ja shi. Akwai kuma ɗan jan ƙwan nan na gaban direba da mutane ke rainawa: a altaneta da yawa, ta cikinsa wutar farko ke bi, in ya ƙone caji na iya ƙin farawa.

To, in an duba duk wannan kuma na'urar cajin ce da kanta ta gaza fa?

Tsofaffin Massey Ferguson irin su 135 da 165 da yawa da dinamon Lucas suka zo, da akwatin regilato daban. Gyaransa ya fi komai araha in gawayin da ke ɗaukar wuta a cikinsa ne kawai ya cinye, ko zoben da sandarsa ke juyawa a ciki ya yi sako-sako. Sai dai ƙarfinsa kusan amfiya 22 ne, kuma in injin yana tafiya a hankali, da kyar yake ba batir wani abu. Regilaton nasa kuwa ƙananan ƙarafa ne masu haɗuwa su rabu, ƙurar hunturu ba ta barin su lafiya. Wanda taraktarsa huɗa kawai take yi da rana, ba fitila, gyaran ya ishe shi. Amma in aka ce sai an sake naɗin waya, ni ban ga dalilin zuba kuɗin ba.

Altaneta mai regilato a cikinta ita nake ba mutum shawara, musamman mai jan tirelar gero da wake da dare, ko mai aiki a gonakin ban ruwa na Jiratawa rani da damina. Tana ba da amfiya 45 ko fiye, tana caji ko injin yana tafiya a hankali. Amma tana da sharuɗɗa. Dole ƙafar batir mai alamar ragi ce za ta tafi jikin ƙarfe; wasu tsofaffin taraktoci akasin haka aka haɗa su, in ba a juya ba nan take za ta ƙone. Sai maƙerin walda ya yi mata mazauni yadda bel zai tafi a miƙe, a sa waya mai kauri, a cire tsohon regilato. Kuma don Allah a daina cire kan batir injin yana aiki wai don a gwada caji. Dabarar zamanin dinamo ce, altaneta kashe ta take yi.

Akwai altaneta mai waya ɗaya, mai sauƙin haɗawa, sai dai tana so a taka mata wuta kafin ta fara caji, kuma yawanci ba jan ƙwai da zai gaya maka ranar da ta tsaya. Na fi son mai ƙwai.

Sabuwa ko ta hannu? Ta hannu 'yar asali, Bosch ko Valeo da aka ciro daga mota, ta fi sabuwar da ba a san inda aka ƙera ta ba, ko a nan ka same ta ko an kawo maka daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Kada ka biya sai an gwada ta a gabanka, kuma ka tafi da tsohuwar don a gwama faɗin bakin da bel ke hawa.

Batir shi ne na ƙarshe. Da zafin Maradi da ke wuce digiri 40 a bazara, mai murafu ya fi, don kana iya ƙara masa tataccen ruwa, ba na rijiya ba. Kada ka ɗora na ƙaramar mota a injin gazuwal. In taraktar za ta yi zaman rani, cire ƙafar ragi, ka riƙa kai shi caji wata-wata.