Keken Singer Heavy Duty 4423 a aikin bargon ƙyallaye: gwani wajen haɗi, mai gajeren hannu wajen dashe

A watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta kulle jama'a a gida, keken ɗinki ya yi wuyar samu a kantunan Amurka. Ranar 3 ga watan ne hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta shawarci mutane su riƙa sa takunkumin yadi, sai kowa ya tuna da ɗinki. A karkara abin ya zo daidai da narkewar ƙanƙara, lokacin da ake shuka dankali da wake a lambu, ana karɓar 'yan tsaki ta gidan waya, ranar da ruwa ya hana fita kuma a zauna gaban keke. Takunkumi yana barin ƙyallaye da yawa, kuma can ƙyalle ba ya zuwa bola: bargo ake yi da shi. Singer Heavy Duty 4423 na cikin kekunan da sababbin shiga suka fi ɗauka, don ba shi da tsada sosai, wajen dala 200 a lokacin, kuma ba shi da kwamfuta a ciki da za ta lalace a rasa mai gyara alhali shaguna na rufe.

Bargon da ake magana hawa uku ne. Akwai fuska, wadda ake haɗawa da yankakkun ƙyallaye. Akwai shimfiɗaɗɗiyar auduga a tsakiya. Sai shafi a ƙasa. Bayan an jera su, a bi da ɗinki mai ratsa dukkansu don kada audugar ta dunƙule, kamar dai yadda ake dashe lifidin doki. Aiki biyu ne daban ke nan, haɗi da dashe, kuma wannan keken ba ɗaya yake a wajensu ba.

Abin da ke cikin kwali: keke mai nauyin wajen kilo 6 da rabi, ƙashin cikinsa ƙarfe, jikinsa roba. Salon ɗinki 23 ne, yana gudun ɗinki 1,100 a minti, ana jefa kwarkwaro ta sama a rufe da murfi mai nuna zaren da ya rage, akwai abin zura zare a allura da maɓallin rage dannawar ƙafa, wato ƙarfen da ke danne yadi a ƙarƙashin allura. Ƙafafun da ya zo da su huɗu ne: ta ɗinkin yau da kullum, ta zif, ta ramin maɓalli, da ta ɗaura maɓalli. Babu ɗaya a cikinsu da aka yi don bargo. Duk wanda bargo ya kai shi sayen wannan keke, ya ware kuɗin ƙafa biyu tun farko: ƙafar kwatan inci, da ƙafa mai haƙoran kanta wadda ke jan yadi ta sama. A tabbata an ɗauki masu gajeren mariƙi, don irin su ne ke shiga wannan keken.

Haɗi

Nan ne keken ya cancanci yabo. Ɗinkinsa miƙaƙƙe ne, haƙoransa na jan yadin auduga ba tangarɗa, kuma gudunsa na rage wa mutum yini idan ɗaruruwan ƙyallaye ne a gabansa. A sa allura mai lamba 80/12, zaren auduga siriri mai lamba 50 sama da ƙasa, tsawon ɗinki a kan 2. An fi son ɗinki ƙanana a nan saboda ba a komawa baya a ƙulle bakin kowane haɗi. Idan ɗinkin ya yi faɗi, gefe zai fara warwarewa tun kafin a kai ga haɗa layuka.

Mu ɗauki bargon rufa na kujera, inci 48 a faɗi, 60 a tsawo, da zane mafi sauƙi, wato gida tara. Kowane gida ƙyalle ne murabba'i mai inci 2 da rabi. Tara su ke ba da fanni ɗaya mai inci 6 da rabi, wanda zai koma 6 cif bayan an haɗa shi da maƙwabtansa. Ana bukatar fanni 80, takwas a layi, layi goma. Idan aka sa 40 masu gida tara, 40 kuma yadi guda mara haɗi a tsakaninsu, ƙananan ƙyallayen sun zama 360: masu duhu 200, masu haske 160. Wanda zai sayi sabon yadi mai faɗin inci 42 zuwa 44, yadi ɗaya na mai duhu, ɗaya na mai haske, da ɗaya da rabi na fannin da ba haɗi sun isa. Ba sai an yanka 360 ɗin ɗaya bayan ɗaya ba. A yanka dogayen tsiri masu faɗin inci 2 da rabi, a ɗinka uku uku a jere, duhu-haske-duhu sau biyar, haske-duhu-haske sau uku, a goge, sannan a sassara su a kwance kowane inci 2 da rabi. Kowane jeri na ba da yanka 16. Wuƙa mai taya ta Olfa mai milimita 45, da tabarmar yanka da rula mai kauri, sun fi almakashi nesa ba kusa ba a wannan aiki.

Duk lissafin nan ya rataya ne a kan abu ɗaya: gefen da ake bari a kowane haɗi ya zama kwatan inci, wajen milimita 6, ba ƙari. Ƙafar da keken ya zo da ita ta fi haka faɗi, kuma mai bin gefenta da ido zai ci yadi fiye da ƙima. Kuskuren milimita ɗaya da rabi kamar ba komai ba ne, amma kowane haɗi daga ƙyalle biyu yake ci, kuma haɗi biyu ne a faɗin fanni. Sai fannin ya fito inci 6 da kwata maimakon 6 da rabi, ya ƙi daidaituwa da fannin da ba haɗi, mutum ya shiga ja da miƙewa, bargo ya fito da ƙulli-ƙulli. Gwajin minti biyu ke hana wannan: a haɗa ƙyalle uku, a goge, a auna. In bai kai inci 6 da rabi ba, a rage gefen da kaurin zare ɗaya ko biyu, don ninkin yadi wajen guga shi ma yana ci. Wanda bai samu ƙafar kwatan inci ba ya liƙa salatif mai kauri a kan farantin da ke ƙarƙashin allura daidai wurin, yadi ya riƙa bin gefensa.

Guga ma da sharaɗinta. A ɗora ayan a ɗaga, kada a ja shi, a kwantar da gefen haɗi wajen yadi mai duhu. Layi na sama gefensa ya kalli dama, na ƙasa ya kalli hagu, yadda in an zo haɗa su za su sarƙe da juna, kusurwoyi su haɗu tsaf.

Akwai halin keken guda biyu masu ban haushi a nan. Ramin allura a farantinsa faɗi gare shi saboda ɗinkin zigizag, don haka yakan haɗiye kusurwar ƙaramin ƙyalle a farkon ɗinki, musamman mai kusurwa uku. Maganinsa a fara da wani tsumma, a ɗinka a kansa, sannan a turo ƙyallen gaske biye da shi ba tare da an yanke zare ba. Na biyu, fedarsa ba ta san sannu ba. Babu maɓallin ƙayyade gudu, an taɓa kaɗan ya yi gurnani, an ƙara kaɗan ya zabura. Ƙafar mutum takan saba bayan 'yan kwanaki, kuma cire takalmi na taimakawa.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa: tsohon keken Butterfly na ƙafa da ke shagunan teloli daga Kano zuwa Maraɗi zai yi wannan haɗin daidai da Singer, tun da miƙaƙƙen ɗinki kawai ake bukata. Mai irin wannan keken da buhun ragowar atamfa ba ya bukatar sabon keke don ya haɗa fuska. Sai dai a wanke atamfar tukuna, kowane launi daban, don wata na zuba, wata na shiga ruwa ta rage, kuma kada a gwama auduga da yadin roba mai santsi a fanni ɗaya.

Dashe

A nan labari ya canza. Tazarar da ke tsakanin allura da jikin keken ta dama kaɗan ta wuce inci 6, kuma ta nan rabin bargo zai bi. Bargon jariri ko na kujera irin wanda muka lissafa zai wuce in an naɗe shi tamau. Na gado mai mutum ɗaya, da haƙuri. Na babban gado kuwa kokawa ce: naɗin ya cika wurin, hannun dama ya rasa inda zai dafa, nauyin bargon ya riƙa jan allura gefe har ta lanƙwashe ko ta karye. Sunan Heavy Duty na nufin injin na iya huda yadi mai kauri irin jins, ba ya nufin an ba shi wurin ɗaukar babban aiki. Ba a haɗa masa faffaɗan teburi ba, don haka a jingina wani tebur a hagu da baya ya ɗauke nauyin.

Kafin a kai ga keke, a shimfiɗa shafi a ƙasa mai tsabta, fuskarsa ƙasa, a ɗame shi da salatif ba tare da an miƙe shi fiye da kima ba. Shafi da auduga su zarce fuska da inci 3 ta kowane gefe. Ga bargonmu shafin yadi 3 ne, a raba biyu a haɗa. A kafe hawa ukun da fil mai kulle, tazarar tafin hannu tsakanin kowane biyu, daga tsakiya zuwa gefe. Rowar fil ita ce ke kawo ninki a shafi, wanda ba a ganinsa sai an juya bargon bayan an gama.

Sannan a ɗaura ƙafa mai haƙora. Dalilinta: haƙoran keke na jan hawan ƙasa ne kaɗai, ƙafar yau da kullum kuma na tura na sama gaba, sai a kai ƙarshen layi fuska ta zarce shafi da yatsa guda. Wajen ɗaurawa, hannunta mai baki biyu dole ya hau kan sukurun da ke riƙe allura. In bai hau ba, haƙoran sama ba za su motsa ba, an yi aikin banza. A duba sukurun nan lokaci lokaci, girgiza na kwance shi. A koma allura 90/14, tsawon ɗinki 3, a sassauta dannawar ƙafa kaɗan, a tafi da matsakaicin gudu, don wannan ƙafar ba ta son 1,100 ɗin da ake talla da shi. A fara da layin tsakiya. Tazarar layuka kuma a karanta a ledar audugar: audugar Warm & Natural, alal misali, ta yarda har inci 10, wasu kuma ba sa wuce 4. Ga gida tara, layin da ya ratsa kowane fanni daga kusurwa zuwa kusurwa ya wadatar, kuma ya fi yafe karkata a kan ɗinkin da ke bin cikin haɗi.

Babban rashin keken a wannan mataki shi ne allura ba ta tsayawa a ƙasa da kanta. Duk sanda aka tsaya don gyara naɗi ko cire fil, sai an juya taya da hannu, ta wajen mai ɗinki, a nutsar da allura, in ba haka ba bargon ya zame, layi ya yi tsalle. Fitilarsa ma ba ta da ƙarfi, mai aikin dare ya nemi ƙari.

Ana iya saukar da haƙora don dashen zane mai lanƙwasa, da wata ƙafa ta uku mai tsalle. Maɓallin na bayan hannun keke, sai an zare akwatin kayan aiki. Idan aka mayar da shi, haƙoran ba sa tasowa nan take sai an juya taya zagaye ɗaya. Mutane da dama sun ɗauka keken ya lalace a nan. Amma da wannan feda da wannan ƙuncin wuri, dashen zane ba fagensa ba ne.

Yawancin ƙorafin da ake yi a kansa na cukurkuɗewar zare a ƙasan yadi ba laifin kwarkwaro ba ne. An zura zaren sama ne ƙafa na ƙasa, faifan da ke matse zare na rufe, zaren bai shiga tsakaninsu ba. A ɗaga ƙafa, a sake zurawa daga farko. Kwarkwaro kuwa na roba mai lamba 15 kaɗai yake so, ba na ƙarfe ba, ba 66 ba, kuma zarensa ya warware ta hagu, saɓanin tafiyar agogo. Auduga na tara ƙura da sauri, don haka bayan kwarkwaro uku ko huɗu a cire faranti a share da burushi, kada a hura da baki. A canza allura bayan wajen awa 8 na ɗinki, ɓangarenta mai lebur na kallon baya.

Bakin bargo ba ya ba shi wahala. Kewayen inci 216 ne, tsiri shida masu faɗin inci 2 da rabi sun isa, rabin yadi ke nan. A ninka biyu, a ɗinka ta fuska, a juya a kama ta baya. A kusurwa, inda yadi ya taru hawa da yawa, ƙarfin injin na nuna amfaninsa, ya huda ba gardama.

Cikin danginsa, Singer 4452 ya zo da ƙafa mai haƙora a kwali, don haka in bambancin kuɗin bai kai kuɗin ƙafar ba, shi ya fi. Brother CS6000i ya fi shi sanyin gudu, 850 a minti, kuma bai kai shi ƙarfi ba, amma yana da maɓallin gudu, allura mai tsayawa a ƙasa, faffaɗan teburi da ƙafafun bargo; ga mai koyon dashe ya fi sauƙin hali, sai dai na kwamfuta ne. Mai niyyar manyan barguna a kai a kai ya tara kuɗi ya nemi irin Juki TL-2010Q, mai faɗin wuri da gudun 1,500, wanda kuɗinsa ya ninka na Singer sau da yawa.

Wanda za a aiko wa da shi daga Amurka zuwa Najeriya ko Nijar ya duba tambarin da ke jikinsa kafin ya jona. Na kasuwar Amurka wutar 120 yake ci, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce, kuma jonawa kai tsaye ƙone injin da feda za ta yi. Ko a nemi samfurin Ingila mai 220 zuwa 240, ko a haɗa shi da taransifomar rage wuta. Injin bai kai wat 100 ba, don haka mai wat 300 ta ishe shi har da rara.