Famis ko sikoriya: wanne za ka saya?

Duwatsun nan biyu 'yan gida ɗaya ne, shi ya sa masu sayarwa kan zuba su a buhu su kira su duka da dutsen aman wuta. Dukansu narkakken dutse ne da ya fito daga cikin ƙasa ya daskare a sarari, iska na ƙoƙarin fita daga cikinsa, ta bar masa ramuka a jiki. Masana ilimin duwatsu suna sa su a rukunin duwatsun wuta da suka sandare a saman ƙasa, kuma yanayin jikinsu ne ya ba su suna. Amma aikin da ɗaya zai yi maka, ɗayan zai iya ɓata shi.

Famis yakan fito ne daga narkakken dutse mai kauri da yawan silika (sinadarin da ke cikin yashi da gilashi), sau da yawa fiye da kashi 63 cikin ɗari. Saboda kaurinsa, iskar da ke ciki ba ta samun hanyar fita sai ta fashe da ƙarfi, ta tashi dutsen ya zama kumfa, kumfar ta daskare nan take ta zama gilashi. Shi ya sa yake fari ko toka-toka, ramukansa ƙanana ne birjik, bangon da ke tsakaninsu siriri, kuma ba shi da nauyi har yakan yi iyo a kan ruwa. Famis ɗin da dutsen Krakatau na Indonesiya ya watsar a 1883 ya yi watanni yana yawo a Tekun Indiya. Famis ne kuma ya fara rufe garin Pompeii na Italiya a shekara ta 79 Miladiyya lokacin aman dutsen Vesuvius. Turkiyya da Girka na cikin manyan masu haƙo shi a yau.

Sikoriya kuwa daga narkakken dutse mai ruwa-ruwa take, irin wanda ke zama baƙin dutsen da ake kira basalt, silikarsa kusan rabi ce, ƙarfe da magnesiyam sun yi yawa a cikinsa. Iska na fita cikin sauƙi, don haka ramukanta manya ne, bangonsu mai kauri. Baƙa ce ko ja, jan kuma tsatsar ƙarfen cikinta ce. Tana taruwa a bakin ramin aman wuta ta yi tudu, kamar Paricutin da ya ɓullo a gonar masara a Meziko a 1943.

Kafin ka biya, ɗebi 'yan ƙwayoyi busassu ka jefa a bokitin ruwa. Famis zai tsaya a sama, sikoriya za ta nutse. Launi kaɗai ba ya isa shaida, domin akwai famis mai duhu.

Idan shuka a tukunya kake yi, musamman irin wadda ba ta son ruwa ya kwanta mata a saiwa, famis na fi so. Ƙananan ramukansa suna riƙe ɗan danshi, ragowar ruwan ya wuce, iska ta isa saiwa, tukunyar kuma ba ta yin nauyi. Sikoriya ma tana buɗe ƙasa, sai dai kaifin gefenta kan yanki saiwa lokacin sauya tukunya, kuma baƙar tana ɗaukar zafin rana sosai idan aka shimfiɗa ta a sama. Wannan zafin abin lura ne, domin ƙaramar shuka ba ta jure shi.

Shimfiɗa a fili, gefen hanya, ko cikin magudanar ruwa, nan sikoriya ta fi dacewa. Nauyinta na sa ta zauna inda aka zuba ta, ruwan sama ba ya kwashe ta, kuma ta fi jure taku. Famis a irin wannan wuri asarar kuɗi ne: ambaliya ɗaya za ta tafi da shi, wanda ya rage kuma ƙafa ta murƙushe shi ya zama gari.

A gini ana amfani da duka biyun wajen yin bulo da kankare marar nauyi. Famis ya fi rage nauyi da tare zafi, sikoriya ta fi ba da ƙarfi. Inda gini zai ɗauki kaya, injiniya ne zai faɗi wanda ya dace da kuma yadda za a haɗa shi da siminti. Goge kaushin ƙafa ko goge tabo kuwa na famis ne, sikoriya ta yi kaushi da yawa ga fata.

Tambayi mai sayarwa da awo yake sayarwa ko da nauyi, domin kilo ɗaya na famis ya fi kilo ɗaya na sikoriya cika wuri. Duba girman ƙwayar, ka kuma duba ƙasan buhu, wani lokaci gari ne ya taru a can. Ko wanne ka saya, wanke shi kafin amfani, kuma ka jiƙa shi ko ka rufe hanci yayin zubawa, don ƙurarsa na cutar da huhu.