Hattara da mai goge jirgin ruwa da ke yawo a Kaduna

Assalamu alaikum. Wannan gargaɗi ne ga masu jiragen ruwa na faiba, wato roba mai tauri da aka haɗa da zaren gilashi, a Kaduna da kewaye, ko a kogin Kaduna kuke aiki ko a madatsar Kangimi. Masu motoci ma ku saurara, domin na ji labarin mutumin ya fara tallar goge fentin mota. Abin da ya same mu ni da yayana shi zan faɗa, don kada wani ya faɗa ramin da muka faɗa.

Muna da jirgi na faiba mai tsawon ƙafa 18, da inji a bayansa. Da shi muke ɗaukar masu yawon shaƙatawa, musamman lokacin bukukuwan sallah. Shekaru sun ja, rana ta dafa shi, ƙurar hunturu ta bi ta kansa, shuɗin jikinsa ya koɗe. In ka shafa tafin hannunka a gefensa sai ka ga farin gari ya manne maka kamar ka taɓa alli. Yara ba sa son hawa jirgin da ya yi kama da tsohon bokiti, iyayensu kuma suna ganin ba shi da lafiya ne, alhali injinsa garau yake.

Ana cikin haka yayana ya ga talla a Facebook. Wani mutum ne ya ce shi ƙwararre ne, ya yi aiki a kan manyan jiragen masu kuɗi a Legas, yanzu ya dawo gida. Ya jera hotuna, rabin jirgi a dushe, rabi yana ƙyalli kamar madubi. Muka yi magana ta WhatsApp. Tambaya ɗaya ya yi: ƙafa nawa ne? Da muka faɗa, nan take ya yanke mana naira 9,000 kowace ƙafa, jimla 162,000. Ya ce a Amurka ma da ƙafa ake lissafi. Wannan gaskiya ne, da tsawon jirgi masu wannan sana'a suke yin farashi a can. Abin da bai faɗa ba shi ne, kuɗin kowace ƙafar ya danganta da yadda jikin ya lalace. Wanda wanki da shafa kaki kawai yake buƙata daban, wanda ya fara fitar da alli irin namu daban, don aikinsa ya ninka. Shi kuwa bai ga jirgin ba, bai nemi ko hoto ba.

Ya nemi kafin alƙalami na 100,000, wai zai yo odar kayan aiki. Sunan da ke kan asusun ba shi ne sunan da ya ba mu ba. Na yi magana, ya ce: "Haba Alhajina, na matata ne, nawa ya sami matsala." Yaya ya ce mini: "Tura masa kawai, sallah ta matso." Na tura.

Ranar Asabar ya iso da yaro ɗaya da buhu. Abin da ya fito da shi daga buhun giranda ce, irin wadda masu walda ke yankan ƙarfe da ita, ya ɗaura mata soso a baki. A lokacin ban san bambanci ba. Daga baya na koya cewa injin goge na gaskiya yana da maɓallin rage gudu, iyakar juyinsa wajen 3,000 ne a minti, kuma masu aikin ba sa kai shi can. Ƙaramar giranda kuwa tana juyi wajen 11,000 a minti, ba ta san sannu ba. Shi kuma launin da kake gani a jikin jirgin faiba wata siririyar fata ce da ake kira jelkot, kaurinta kusan rabin milimita. Ita ce ke tsare faibar da ke ƙasa daga ruwa da rana. In soso ya yi gudu fiye da kima sai ya ɗau zafi, ya ƙona ta ko ya cinye ta, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Bai wanke jirgin ba. Ya ɗan kaɗe ƙura da tsumma ya kunna inji, ashe yashin da ke jiki shi soson yake murzawa cikin fentin. Na ji ƙauri kamar na roba, na ce: "Malam, wannan warin fa?" Ya ce maganin ne yake shiga jiki. Cikin awa uku ya ce ya gama. Sai ya ɗauko wata gora mai tambarin kamfanin waje, ya zuba abin ciki a tsumma, yaron ya bi jirgin da shi tun daga hanci har baya.

Wallahi jirgin ya yi kyau a wannan yammacin. Shuɗin ya dawo, har ina ganin fuskata a jikinsa. Yaya ya yi ta sa albarka, ya cika masa 62,000, ya ƙara wa yaron na mota. Mutumin ya ce kakin da ya shafa zai yi shekara biyar, amma kada ruwa ko sabulu ya taɓa jirgin har kwana bakwai, sai ya kama. Jirgin ruwa fa, a ce kada ruwa ya taɓa shi. Ashe kwanakin da zai yi nisa yake nema.

Kwana huɗu ƙura ta manne ko'ina, jikin ya yi danƙo. Na ɗebo ruwa da omo na wanke gefe ɗaya. Ruwan da ya gangaro yana da wannan launin bakan gizo da mai ke yi a kan ruwa. Da wurin ya bushe sai allin ya dawo yadda yake, ga kuma zane-zane masu zagaye kamar an bi shi da ƙasan kofi. A gefuna da kusurwoyi shuɗin ya tafi gaba ɗaya, wurare shida ana ganin zaren faiba a fili. Har daɓen da fasinja ke takawa ya shafe da man, wurin da aka yi shi da kaushi da gangan don kada ƙafa ta zame. Wannan ya fi ƙona mini rai fiye da kuɗin. Da mun ɗauki yaran mutane a haka, ɗaya ya sulluɓe cikin kogi, me za mu ce wa iyayensa?

Na kira lambar, a kashe. Shafin ya ɓace. Bayan mako biyu wani abokina ya turo mini sabon shafi da wani suna daban, hotunan nan dai su ne, amma yanzu har da motoci.

Na je Fanteka na ɗauko wani dattijo mai gyaran faiba ya zo ya duba. Ya shafa, ya sansana yatsansa, ya ce mai ne kawai, kowane irin mai ka shafa wa fentin da ya koɗe zai yi duhu ya yi ƙyalli na ɗan lokaci, kamar yadda busasshiyar ƙafa ke yi in an shafa mata man gyaɗa. Shi ya zaunar da ni ya bayyana mini yadda aikin yake. Ana fara wankewa tas. A rufe roba da ƙarfe da rubutun jiki da tef. A bi da man kankara mai ɗan kaushi a cire fatar da ta mutu, kaɗan kaɗan, wuri wuri. A bi da mai laushi ya share zanen da na farko ya bari. Kaki shi ne na ƙarshe, kuma aikinsa kariya ce, ba ya gyara komai. Mai kyansa, wanda ake samu daga ganyen wata bishiyar kanoba ta ƙasar Brazil, watanni kaɗan yake yi a jiki, balle a ranar Kaduna. Ya ce jirgi irin namu ba aikin awa uku ba ne, wuni ne cur ko fiye.

Sannan ya faɗi abin da nake so kowa ya riƙe. Ya ce: "Ɗana, duk wanda ya zo, ka ce ya yi maka wuri ɗaya kamar faɗin faranti. In ya gama, kai da hannunka ka wanke wurin da sabulu, ka bari ya bushe a rana. In ƙyallin ya tsaya, ku yi ciniki." Mai aikin gaskiya ba ya gudun wannan, don a nan shi ma zai san wahalar da ke gabansa kafin ya faɗi kuɗi. Ku kuma duba injin da ya zo da shi, ku ga ko yana da maɓallin rage gudu. Ku buɗe gorar ku sansana. Kuɗin kaya kuwa, ku je shago tare ku saya, ragowar ta zama taku. In sunan asusu ya saɓa da sunan mutum, ku riƙe kuɗinku.

Mun kai rahoto wurin 'yan sanda, mun kuma rubuta wa banki, da rasit ɗin tura kuɗin da hotunan hirarmu. Wanda irin wannan ta same shi kada ya goge saƙonnin don haushi ko kunya, su ne hujjarsa, kuma hukumar EFCC tana da ofishi a nan Kaduna. In masu ƙorafi sun yi yawa a kan asusu ɗaya, maganar ta fi nauyi.

Dattijon ya ce wuraren shida sai an cike su da sabon jelkot, a bi da samfefa, sannan a fara gogewar daga farko, kuma da wuya launin ya zo daidai da na da. Kuɗin da ya lissafa mana ya haura abin da aka karɓe. Sallah ta zo ta wuce jirgin yana kan tirela a ƙofar gidan Yaya, an lulluɓe shi da tamfol don kada ruwan sama ya shiga faibar kafin mu haɗa kuɗin.