Jirgi marar matuƙi ko helikwafta: wanne ya fi wajen ƙidayar barewa da mus?

Masu kula da gandun daji a Amurka da Kanada sun sha yin wannan tambaya, musamman kan mus, wato ƙaton dangin barewa mai faffaɗan ƙaho.

Ta fuskar kuɗi, marar matuƙi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Helikwafta tana cin mai, ga kuɗin haya da na matuƙi, ga kuma haɗarin faɗuwa, tunda dole ta yi ƙasa-ƙasa bisa itatuwa.

Amma faɗin ƙasa ne matsalar ƙaramin jirgin. Batirinsa yakan ƙare cikin minti 30 zuwa 45, sanyi kuma yana rage shi. Dokar Amurka ta taƙaita tashinsa zuwa ƙafa 400, kusan mita 120, kuma sai mai sarrafa shi yana ganinsa da ido. Jihar Minnesota kuwa da helikwafta take ƙidayar mus ɗinta a lokacin hunturu, sa'ad da dusar ƙanƙara ke fito da duhun jikin dabbar.

Ƙarfin marar matuƙi shi ne kyamarar da ke gano dabba ta hanyar zafin jikinta. Da asuba ake tashinsa, kafin rana ta ɗumama duwatsu, in ba haka ba dutse ma sai ya zama "barewa" a hoto. Itatuwa masu duhuwar ganye suna ɓoye dabba, kuma idan layukan tashi sun yi kusa da juna, ana ƙirga dabba ɗaya sau biyu.

Mai ƙaramin gandu ko gonar da barewa ke ɓarna, marar matuƙi ya ishe shi. Hukumar da ke ƙidaya a faɗin lardi guda har yanzu helikwafta ce tata.