Makullin sandar giya a motar otomatik: abin da gwaji ya nuna

Aikin wannan makulli ɗaya ne: ya hana sandar giya barin P (wato fakin) sai an taka birki. A Amurka doka ta wajabta shi tun Satumban 2010, saboda yaran da ke taɓa giya mota ta gangara. Na gwada shi, kuma a ganina yana aikinsa yadda ya kamata, sai dai yana da rauni guda.

Gwajin ba wuya. Ajiye mota a wuri mai daidai, ja birkin hannu, sa waigi a taya. Murɗa mabuɗi fitilun gaban direba su kama, ba sai ka ta da inji ba. Ba tare da taka birki ba, danna maɓallin sandar ka ja ta a hankali. Bai kamata ta motsa ba. Sannan taka birki ka kasa kunne: za ka ji ɗan ƙas daga ƙarƙashin sandar. Solinoyid ne, wata 'yar na'ura mai aiki da lantarki, ya janye ƙarfen da ya tokare ta. Daga nan sa giya a D ka kashe mota. Mabuɗi ya kamata ya ƙi fita sai ka koma P.

Raunin nasa shi ne ya dogara kacokan da suwic ɗin fitilar birki, wanda ke maƙale a saman fedar birki. Suwic ɗin ya mutu ko fis ɗinsa ya ƙone, giya ta maƙale a P ko da injin lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa in ba ka ji ƙas ɗin ba, ka fara sa wani ya duba maka fitilun baya kana take da birki. Ba su kama ba? Fis ne ko suwic. In sun kama, sa mitar awon lantarki a wayar solinoyid ka taka birki: volt 12 na zuwa amma shiru, to shi ne ya lalace, ko kuwa abin sha mai zaƙi ya zube ciki ya danƙare shi.

Akwai ɗan murfi kusa da sandar a yawancin motoci. Ɓalle shi, cusa sukundireba ka danna, ƙafarka a kan birki, sai giya ta saki. Wannan na gaggawa ne kawai. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne cire makullin gaba ɗaya don gudun sayen suwic, musamman a motar da yara ke shiga.

In kuma sandar ta yi tauri a kan gangara, ba laifin makullin ba ne. Nauyin mota ne ya danne haƙorin fakin a cikin giyabos. Ja birkin hannu kafin ka sa P.